Flying Scotsman: inda kuɗi ke tafiya a gyaran kan jirgi mai tururi

A watan Afrilun 2004 gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya, wanda ke birnin York, ya sayi kan jirgin nan Flying Scotsman a kan fam miliyan 2.3. A Janairun 2006 aka shigar da shi gareji. Lissafin da aka yi shi ne gyaran zai ɗauki kamar shekara guda, ya ci wajen fam 750,000. Bai sake jan fasinja ba sai 2016, bayan ya lashe fam miliyan 4.2, kusan ninki biyu na kuɗin sayensa. Ba fenti ne ya ci wannan kuɗi ba, ba kuma wani abu da mai kallo zai hango daga bakin layi ba. Tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi ce, da shasi.

An ƙera shi a masana'antar Doncaster bisa zanen injiniya Nigel Gresley, ya fara aiki a Fabrairun 1923, kuma fam 7,944 aka kashe wajen ƙera shi. Lambarsa ta farko 1472 ce. A 1924 aka raɗa masa suna, aka ba shi lamba 4472, aka kai shi baje kolin Wembley. Ranar 1 ga Mayu 1928 ya ja fasinja daga Landan zuwa Edinbara, mil 392, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Dabara biyu suka sa haka ta yiwu. A jikin taragon kwal da ruwa da ke bayansa an fitar da wani ɗan lungu mai faɗin inci 18 da tsayin ƙafa 5, ta nan sabon direba da mai wuta ke sunkuyowa su karɓi aiki jirgi na cikin gudu. Ruwa kuwa, a wasu wurare an shimfiɗa dogayen komaye a tsakiyar layin dogo, sai a sauke wani ludayin ƙarfe daga ƙarƙashin taragon ya kwasa ana tafiya. Kwal tan 9 taragon ke ɗauka. Idan ka raba shi a mil 392 za ka ga ba dama a wuce laba 50 da ɗoriya a kowane mil, kuma duk da shebur ake zuba shi. Ranar 30 ga Nuwamba 1934 ya kai gudun mil 100 a awa ɗaya, da na'urar awo a bayansa tana shaida.

A 1947 aka sauya masa tukunya, matsin tururi ya tashi daga laba 180 zuwa laba 220 a kan kowane murabba'in inci, ya shiga rukunin da ake kira A3. A Janairun 1963 aka sallame shi daga aiki bayan ya yi mil sama da miliyan biyu. Sauran 'yan rukuninsa duk an yanka su an narke. Shi kaɗai ya tsira, saboda wani ɗan kasuwa, Alan Pegler, ya biya fam 3,000 ya ɗauke shi. Pegler ya kai shi Amurka a 1969, tafiyar ta karya shi, jirgin ya maƙale a Kalifoniya har William McAlpine ya fanso shi a 1973. Ya je Ostareliya a 1988, inda a ranar 8 ga Agusta 1989 ya yi mil 422 ba tsayawa, daga Parkes zuwa Broken Hill. A 1996 Tony Marchington ya saye shi ya yi masa babban gyara. Kowane mai shi ya gyara shi gwargwadon aljihunsa da abin da yake so ya yi da shi, kuma a gyaran Marchington ne aka riƙa tafiyar da shi da tukunyar A4, wani rukunin injinan Gresley, a kan laba 250. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Tukunyar irin wannan jirgi kashi uku ce. A baya akwai murhu, akwati ne a cikin akwati: na ciki jan ƙarfe, na waje baƙin ƙarfe, ruwa na cikin 'yar ratar da ke tsakaninsu. A tsakiya doguwar ganga ce, wadda ƙananan fayif sama da 120 da manya 43 suka ratsa, kowanne tsawonsa wajen ƙafa 19. Zafin wuta na bi ta cikinsu, ruwa na kewaye da su, a cikin manyan kuma akwai wasu siraran fayif da ke ƙara wa tururi zafi kafin ya isa silinda. A gaba sai akwatin hayaƙi. Bangon murhu shimfiɗaɗɗe ne, shimfiɗaɗɗen ƙarfe kuwa ba ya jure matsi shi kaɗai, don haka aka ɗaure bangon ciki da na waje da sandunan riƙo masu zare, a jere, kusan inci huɗu tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Sun fi dubu. Sanda ɗaya tana riƙe da murabba'in inci 16, sau laba 220, ya ba da laba 3,520, wato fiye da tan ɗaya da rabi. In ta karye, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, su ma su fara gajiya.

Abin da ke karya su shi ne zafi da sanyi. Jan ƙarfe ya fi baƙin ƙarfe miƙewa idan ya ji zafi, ga shi kuma shi ke fuskantar wuta kai tsaye. Duk hura wuta da kashe ta, sandunan sai sun ɗan lanƙwashe sun dawo. A nan jirgin da aka adana ya fi na zamanin aiki wahala, domin na da yakan yi kwanaki wuta ba ta mutu ba, na yanzu kuwa ana hura shi ne don kwana biyu ko uku ya sake hucewa. Shi ya sa ake kunna 'yar ƙaramar wuta tun ana gobe za a fita, a bar ƙarfe ya ɗumama a hankali, sannan a ƙara kwal. Mai gaggawar ganin allurar geji ta tashi, shi ke jawo yoyo a bakin fayif da karyewar sanduna. Mai duba tukunya yakan shiga cikin murhu da ƙaramar guduma ya bi kan sandunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayya amo take yi, karyayya sautinta a dushe yake. Wasu sandunan ana huda musu siririn rami a tsakiya tun wajen ƙira, don in sun karye ruwa ya fito ya tona asiri.

Sai ruwa. Duk galan da ya zama tururi yana barin gishirinsa a baya, irin farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar shayi. Jirgi mai girman wannan yana shan kimanin galan 40 a mil guda, ka ga ɓawon ba ya jimawa bai taru ba. Illarsa ita ce yana hana zafi ratsawa zuwa ruwa, sai jan ƙarfen ya yi zafi fiye da ƙima, ya yi laushi, ya kumburo tsakanin sanduna. Maganinsa wanki, bayan kowane kwana 14 zuwa 28 na aiki gwargwadon irin ruwan da ake samu. Ana barin tukunya ta huce da kanta, a zubar da ruwa, a kwance dukkan toshe da ƙananan ƙofofi, a fara fesa ruwa mai ƙarfi daga sama zuwa ƙasa ana zungura da sandar ƙarfe, har a kai zoben da ke gindin murhu inda laka ke kwanciya. Daga nan a leƙa kowace kafa da fitila da madubi. Wajen mayar da toshe ake haɗari: zarensu mai tsukewa ne, in aka ɗaura ɗaya a karkace zai yi kamar ya kama, sai matsi ya hau ya harbo shi. Da hannu ake fara ɗaura shi, da ɗan giris mai baƙin gari, sai ya shiga sumul kafin a sa sifana. Ana kuma zuba magani a tankin ruwa don ya hana tsatsa, ya sa gishirin ya zama laka maimakon ɓawo. Amma in narkakken gishiri ya yi yawa ruwan kumfa yake yi, kumfar ta bi tururi zuwa silinda, ta wanke man da ke ciki. Ruwa kuma ba ya matsuwa, in ya taru gaban fistin yana iya fasa murfin silinda. Saboda haka ake zubar da wani kaso na ruwan tukunya a kai a kai, ake kuma buɗe famfunan ƙasan silinda duk lokacin da za a tashi bayan tsayuwa. Farin tururin nan da ke fita ta ƙasan jirgi a tasha, wanda masu ɗaukar hoto ke so, aikinsa ke nan.

Babban abin tsoro shi ne ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu. A matsin laba 220 ruwan tukunya ya kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. In rufin ya bushe ya yi laushi ya faɗo, wani kaso na ruwan nan zai rikiɗe tururi nan take, tururi kuwa a sarari yana cin wuri kusan sau 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi. Don haka gilashin duba ruwa biyu ne, na'urar cusa ruwa biyu, bawul ɗin kariya biyu. A jikin rufin kuma akwai wasu toshe masu dalma a tsakiya, waɗanda ke narkewa in ruwa ya janye, tururi ya feso cikin murhu. Kada a ɗauka suna kashe wuta. Gargaɗi ne kawai ga mai wuta ya cusa ruwa, ya zubar da garwashi.

A Birtaniya ana duba tukunya duk shekara, a sanyi da kuma a kan wuta, sannan ba ta wuce shekara goma ba a yi mata babban bincike ba. Sai a ɗaga ta daga kan shasi, a cire kwanon da aka lulluɓe ta da shi, a zare fayif duka, a auna kaurin kowane faranti. Bayan gyara a cika ta da ruwa taf, a matsa da famfo har kusan ninki ɗaya da rabi na matsin aikinta, wato wajen laba 330 ga mai 220. Da ruwa ake wannan gwaji saboda in wuri ya tsage, ɗan tsartuwa kawai zai yi matsin ya faɗi. Sai ta ci wannan jarrabawa ake hura mata wuta a gwada bawul ɗin kariya. Da York suka buɗe tukunyar A4 ɗin nan da ta sha laba 250, sun tarar ta fi tsohuwar tukunyar A3 da ke ajiye lalacewa. Suka sayar da ita, suka sake gina ta A3, suka koma 220. A ganina wannan shawara daidai ce, ko da ta ci lokaci.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne shasi. Faranti biyu ne na ƙarfe masu kaurin inci ɗaya da ɗan ɗori, a tsaye daga gaba har baya, an haɗa su da ƙarafan tsakiya, silinda uku da ƙafafu da tukunya duk a kansu suke. Fistin mai faɗin inci 19, in cikakken matsin laba 220 ya same shi, yana tura kusan tan 28. A laba 250 ya kusa tan 32. Manyan ƙafafun tsayinsu ƙafa 6 da inci 8, a gudun mil 75 suna juyawa fiye da sau biyar a daƙiƙa, kuma a kowane juyi fistin ya tura gaba ya ja baya. Shasi ke shanye wannan duka. Tsagewarsa tsohuwar cuta ce a wannan rukuni tun suna aiki, tana farawa ne daga kusurwar gurbin da akwatin sandar ƙafa ke zama, ko daga ramin ƙusa da ta yi sako-sako.

A Mayun 2011 aka fito da jirgin aka nuna wa jama'a da baƙin fenti irin na lokacin yaƙin duniya na biyu, ana ganin aiki ya zo ƙarshe. Ba a jima ba aka gano tsaga a guraben sandunan ƙafafu, da aka ƙara bincike aka samu wasu a jikin shasi da ƙarafan tsakiya. Dole aka sake kwance abin da aka riga aka ɗaura. Rahoton da injiniya Bob Meanley ya rubuta a 2012 ya nuna cewa tun farko ba a yi cikakken binciken halin da jirgin ke ciki ba, don haka lokaci da kuɗin da aka yanke ba su da tushe. A 2013 kuma wani binciken ya gano silindar tsakiya ba ta kan saiti. Maganin da aka yi shi ne a cire silinda ukun, a yanke gaban shasin a haɗa sabo. Kamfanin Riley & Son da ke Bury ya ƙarasa aikin. A Janairun 2016 aka fara gwada shi a layin East Lancashire, ranar 25 ga Fabrairu kuma ya ja fasinja daga tashar King's Cross ta Landan zuwa York da lamba 60103.

Tsaga ba ta nuna kanta a ƙarƙashin fenti da daskararren mai. Sai an kankare ƙarfe ya fito fes, a shafa siririn farin fenti, a ɗora maganaɗisu, a fesa ruwa mai garin ƙarfe. Garin zai taru a bakin tsagar ya zana baƙin layi. Sandunan ƙafafu kuwa da na'urar sauti ake duba cikinsu. Saiti ana duba shi da waya da aka ɗame ta tsakiyar silinda zuwa baya, ko da madubin hange, wanda Doncaster ta fara amfani da shi a shekarun 1950. Duk wannan aikin makonnin farko ne, ba na shekara ta biyar ba. Tsarin da ya dace: a kwance komai har shasi ya rage tsirara, a duba, a rubuta kowane aibi, a yi masa farashi, sannan a faɗa wa masu ba da gudummawa ranar gamawa. Wanda ya sa rana kafin ya ɗaga tukunya, zato kawai ya yi.

Saitin silindar tsakiya yana da muhimmanci na musamman a injinan Gresley. Bawul ɗinta ba shi da nasa sarƙar ƙarafa. Motsinsa yana fitowa ne daga bawul biyu na waje, ta wasu sanduna biyu da ke kwance a gaban silinda, babbar tana ninka motsi biyu bisa ɗaya. Dabara ce mai rage nauyi da yawan kaya a ƙarƙashin tukunya, amma duk ɗan sako-sako da ke jikin fil ko bushin, ninkuwa yake yi kafin ya isa bawul ɗin tsakiya. A babban gudu sai silindar tsakiya ta sha tururi fiye da rabonta, ta yi aiki fiye da sauran biyun, bushin ɗin babban hannunta ya ɗau zafi. Farin ƙarfen da aka shafe shi da shi yawancinsa kuza ce, ba ya buƙatar zafi mai yawa ya narke. Abin da ya samu Mallard, wani kan jirgin Gresley, ke nan ranar 3 ga Yuli 1938, jim kaɗan bayan ya kai mil 126 a awa. Ana ma dasa wata 'yar kwalba mai ƙarfin wari a wurin, wadda ke fashewa in zafi ya yi yawa, direba ya ji da hancinsa ya rage gudu. Kulawar ba wuya gare ta ba, naci take so: a auna fil da bushin, a sauya su kafin su saki, a ba su mai kullum.

Masu cewa wannan ba jirgin 1923 ba ne suna da hujja. Tun yana aiki an sauya masa tukunya fiye da goma, haka taragon kwal ya sha sauyi, abin da ya rage na asali bai wuce bayan shasi da wasu 'yan ƙarafa ba. Amma haka ake tafiyar da kowane kan jirgi a wancan zamani, in ya shiga babban gyara tukunyar da ke shirye ake ɗora masa. Zaɓin da ke gaban mai adanawa biyu ne, kuma ba sa haɗuwa: ko a ajiye shi a ɗaki a tsare ƙarfen da ya rage, ko a tafiyar da shi a yarda cewa kowane mil yana cin wani abu. York sun zaɓi na biyu. Wannan ya jawo ƙarin kaya da ba a ƙera shi da su ba, kamar birkin iska, rediyo, na'urar da ke taka birki da kanta in direba ya wuce jar alama, da mai naɗar bayanan tafiya. Gudu an ƙayyade shi a mil 75. Komayen ruwa sun daɗe da ɓacewa daga layi, galan 5,000 na tankinsa kuwa ba ya wuce mil ɗari da 'yan kai, sai a shirya tankar ruwa ta jira shi a hanya. Kwal ma ya zama matsala. Mahaƙar Kellingley, ta ƙarshe mai zurfi a Birtaniya, ta rufe a 2015, ta Ffos-y-fran a Wales da ke ba layukan tarihi kwal ta rufe a 2023. Kwal ɗin da ake shigowa da shi ba duka ke dacewa ba, wani tokarsa narkewa take yi ta daskare a kan ragar murhu ta toshe iska.

Ta wani gefe zancen ya shafe mu. A Minna akwai ɗan ƙaramin kan jirgin da ya yi aiki a siririn layin Wushishi zuwa Zungeru a farkon ƙarni na 20, a Jos da Ebute Metta ma akwai tsofaffin kawunan jirgi a ajiye. Irin waɗannan kada wanda ya yi gangancin hura musu wuta don biki ba tare da an bi duk matakan da na lissafa ba. Abin da suke buƙata ya fi haka sauƙi da arha. Na farko rumfa, domin ruwan sama ne ke cin ajiyayyen jirgi. A rufe bakin bututun hayaƙi, a kwashe toka da baƙin gari daga akwatin hayaƙi da ƙarƙashin murhu, saboda tokar kwal in ta jiƙe tana zama ruwa mai cin ƙarfe. A tsiyaye tukunya, a bar toshe a buɗe iska na ratsawa, a sa raga don kada tsuntsu da ɓera su shiga. Abin da aka naɗe tukunya da shi a ƙarƙashin kwanon waje yana riƙe laima, kuma a tsofaffin injina sau da yawa asbestos ne, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, don haka masana ne za su cire shi, a jiƙe, da kayan kare numfashi. Kayan tagulla, irin su usur da geji da allon suna, a ɗauki hotonsu, a ba su lamba, a kulle su a ɗaki kafin 'yan gwangwan su riga kowa. Sandunan fistin da na ƙafafu a shafe su da giris mai kauri. A zuƙe ruwan da ya taru a akwatunan sandar ƙafa, a zuba sabon mai, a riƙa ɗan gangara jirgin tazarar 'yan ƙafafu sau biyu ko uku a shekara don kada nauyi ya zauna wuri ɗaya. Kafin a gangara shi sai an goge tsohon giris ɗin an shafa sabo, musamman bayan hunturu, domin ƙurar da ta manne masa za ta kankare ƙarfen da ake son tsarewa.